Keken doguwar tafiya: Mai shokazoba biyu ko mai ɗaya?

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da gwamnatin Najeriya ta sanar da janye tallafin man fetur, duk mai harka a kasuwannin kan iyaka ya san abin da ya biyo baya. Man zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Yola da Mubi, wanda shekara da shekaru shi ke tafiyar da baburanmu a Garwa da Gidar da Marwa, ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin hayar babur ya ƙaru, kuɗin dakon kaya ma ya bi sahu. Wannan ya sa mutane da dama suka sake waiwayar keke, abin hawan da iyayenmu suka ci kasuwa da shi tun kafin babur ya cika gari.

Sai dai keken da ke kasuwa a yau ba irin wanda iyayenmu suka sani ba ne. A da, idan an ce keke, to Raleigh ake nufi, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, ko Phoenix na ƙasar Sin, ko Hero na Indiya: baƙin ƙarfe, giya ɗaya, da kariya mai ɗaukar buhu. Yanzu kuwa, ko a cikin gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko a cikin sababbin da ake kawowa daga Kano, abin da ya fi ɗaukar idon mai saye shi ne keken hawan dutse, mai faffaɗar taya da giya barkatai. Shi kuma kashi biyu ne. Akwai mai shokazoba ɗaya a gaba, bayansa ƙarfe ne tsayayye ba ya motsi. Akwai kuma mai shokazoba biyu, gaba da baya, wanda za ka ga sifirin a tsakiyarsa, idan ka danna sirdi ya lotsa ya dawo.

Tambayar da masu sayen keke ke yi wa 'yan kasuwarmu kullum ita ce: wanne ya fi dacewa da doguwar tafiya ta kwana da kwanaki a kan hanyar burji? Sau da yawa amsar da ake ba su ita ce su ɗauki mai biyu, tunda ya fi kyan gani, ya fi taushi, kuma ribarsa ta fi. Ni ra'ayina shi ne, ga hanyoyinmu da irin tafiyarmu, mai shokazoba ɗaya ya fi, kuma ga mai ɗaukar kaya masu nauyi, wanda ba shi da ko ɗaya ma ya fi su duka. Zan kawo dalilaina, zan kuma faɗi inda mai biyun yake da gaskiya, domin shi ma ba a banza aka ƙera shi ba.

Da farko ya kamata mu fahimci aikin wannan abu da makanikanmu na nan ke kira amortisseur da Faransanci. Shokazoba na gaskiya abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, na ƙarfe ko na iska, wanda ke lotsawa idan taya ta hau dutse. Akwai kuma mai da ke cikin silinda, wanda ke ratsa wasu 'yan ƙananan ƙofofi, shi ne ke hana sifirin ɗin dawowa da ƙarfi ya cilla mahayi sama. Idan babu wannan man, to abin da ka saya sifirin ne kawai, irin na katifa. A kekunan tsere na gaskiya, wannan lotsawar takan kai santimita 10 zuwa 12, kuma amfaninta shi ne taya ta zauna a ƙasa a kan gargada, birki ya kama, bayan mahayi kuma ya huta.

Wannan muhawara ba mu muka fara ta ba. Masu tseren keke a duwatsu sun daɗe suna yin ta, kuma abin da suka gano zai amfane mu. Ba ina maganar Tour du Cameroun ba ne, wadda aka fara a 2003, wadda a wasu shekaru takan ratsa Marwa da Garwa da Ngaundere. Waccan a kan kwalta ake yin ta, da kekuna masu siririyar taya marasa shokazoba ko ɗaya. Ina maganar tseren daji ne na kwanaki da yawa, kuma shi ma iri biyu ne.

Iri na farko shi ne kamar Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004. Kwana takwas ake yi, mutum biyu-biyu, a tafiyar kilomita 600 zuwa 700 cikin duwatsu. A can, kusan duk manyan 'yan tseren da ke kan gaba mai shokazoba biyu suke hawa, kuma suna da hujja, domin gajiyar yau tana haɗuwa da ta jiya, kuma wanda jikinsa bai sha jijjiga ba shi ke da sauran ƙarfi a rana ta bakwai. Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya: ɗan tseren Cape Epic ba ya ɗauke da komai sai ruwan sha da 'yan kayan faci. Mota ce ke kai masa jakarsa masauki na gaba, tanti na jiransa, ana wanke masa keke, makanike kuma yana duba shi kafin gari ya waye.

Iri na biyu shi ne wanda babu mai taimakonka. Akwai Tour Divide, wadda ake tashi kowane watan Yuni daga garin Banff na Kanada har zuwa iyakar Amurka da Meziko, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Akwai kuma Atlas Mountain Race ta ƙasar Maroko, wadda aka fara a 2020, ita ma ta haura kilomita 1,000 cikin duwatsu da hamada. A waɗannan, kai za ka ɗauki abincinka da ruwanka da abin kwanciyarka, idan keke ya lalace kai za ka gyara ko ka tura shi zuwa gari na gaba. To a nan, akasarin mahaya ba sa hawa mai shokazoba a baya. Mutane ne masu kuɗin sayen duk irin keken da suka ga dama, amma suka zaɓi mai sauƙin gyara da wurin ɗaura kaya.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: wanda ya tashi daga Garwa ya bi ta Gashiga da Dembo ya nufi Durbeye, ko ya zarce Burha da Rumsiki, a cikin waɗannan biyun wa ya fi kama da shi? Wace mota ce ke bin sa da jaka? Wane makanike ke jiransa a masauki? Amsa a fili take. Tafiyarmu irin ta biyu ce, har ma ta fi ta nauyi, domin mu ba don kofi muke yi ba, jari ne a ɗaure a bayan keken.

Dalilina na farko shi ne kaya. Kariyar keke ana ɗaure ta ne a wuri biyu, kusa da wilin baya da kuma ƙarƙashin sirdi. A keke mai shokazoba biyu, waɗannan wurare biyu ba a tsaye suke ba, ɗaya yana motsi yana kusantar ɗayan duk lokacin da aka hau rami. Saboda haka kariya ta yau da kullum ba ta zama a kansa. Abin da wasu ke yi shi ne su maƙala ƙaramar kariya a sandar sirdi, wadda ba ta ɗaukar fiye da jakar ɗan makaranta, ko su kai wa mai walda ya haɗe komai wuri ɗaya. Idan an yi haka kuwa, an kashe shokazoban, an bar ka da nauyinsa kawai. Ga mai kai albasa ko gyaɗa ko jarka kasuwar Pitowa ranar Lahadi, wannan dalili shi kaɗai ya isa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo musamman don ƙauyukan Afirka, ana amfani da shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Ƙarfe ne zalla, ba shi da shokazoba ko ɗaya, kariyarsa kuma an yi ta ne don ɗaukar kilo 100. Injiniyoyin da suka zauna suka yi nazarin hanyoyin Afirka, a ƙarshe kusan keken kakanninmu suka koma wa.

Dalili na biyu shi ne gyara. Duk inda ƙarfe biyu ke motsi a jikin juna, akwai boris ko bushin, kuma duk inda suke, ƙura za ta shiga. Keke mai shokazoba a baya yana da irin waɗannan mahaɗai da yawa waɗanda mai ɗaya ba shi da su. Mu kuwa wata da watanni muna cikin ƙurar hunturu, sannan damina ta zo da taɓo da tsallaka mayo. Kamfanin RockShox, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shokazoban keke a duniya, yana ba da shawarar a buɗe a yi masa ƙaramin sabis bayan kowace awa 50 ta hawa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wanda ke tuƙa keke awa 5 a rana, cikin kwana 10 ya cinye awa 50. Wa zai yi masa wannan sabis ɗin a Dembo? A ina zai sami robar da man da suka dace? Mai facin da ke ƙarƙashin bishiya a kowane ƙauye zai iya yi maka faci, ya haɗa sarƙa, ya miƙe wili, ya sa wayar birki. Amma idan mahaɗin tsakiya ya cinye, wilin baya ya fara rawa hagu da dama, babu abin da zai iya yi maka sai jaje.

Dalili na uku shi ne ƙarfin ƙafa. Babur yana da inji, ba ya jin nauyin shokazoba. Keke kuwa injinsa cinyarka ce. Duk lokacin da ka taka feda, wani ɓangare na ƙarfinka yana tafiya wajen lotsa sifirin maimakon tura keke gaba. Masu tsada suna da ɗan makulli da ake murɗawa a tsayar da wannan lilo idan an zo hawa ko an hau kwalta. Masu araha ba su da shi. Ga kuma nauyi, domin ko a cikin kekunan tsere, mai biyu yakan fi mai ɗaya da kusan kilo guda, a na kasuwa kuwa bambancin ya wuce haka. Wanda ya taɓa hawa gangaren Ngaundere daga wajen Mbe, ko tuddan da ke kan hanyar Rumsiki, ya san cewa kowane kilo sai ya nemi haƙƙinsa.

Dalili na huɗu shi ne ruwa. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi, abin da ke kayar da matafiyi ƙishirwa ce kafin gargada. Keke mai shokazoba ɗaya yana da fili a tsakiyar gangar jikinsa inda za a ɗaura gorar ruwa biyu, ko jakar kayan gyara. A mai biyu kuwa, sifirin ya mamaye wannan wurin, sai dai ka goya ruwan a bayanka, bayan da ake cewa an sayi shokazoban don ya huta.

Dalili na biyar, wanda ya fi damuna, shi ne yawancin masu shokazoba biyu da ke kasuwanninmu kwaikwayo ne. An ƙera su ne don su yi kama da na tsere a ido, a sayar da su da arha a manyan kantunan Turai da Asiya ga yaran da za su zagaya unguwa. Sifirin ne tsirara ba mai a ciki, kuma kuɗin da aka kashe wajen wannan ado an rage shi ne daga birki da giya da wili. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan adon ne kaɗai ta yi. Idan kuɗin mai saye bai kai na mai biyu na gaskiya ba, to da wannan kuɗin zai sami mai ɗaya wanda komai nasa ya fi inganci. Gwaji ɗaya ya isa: ka danna sirdi da ƙarfi ka saki. Idan ya dawo a hankali, akwai mai a ciki. Idan ya tsalle ya yi ƙara, sifirin ne kawai. Sannan ka kama wilin baya ka girgiza shi gefe da gefe. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, mahaɗin ya riga ya tafi.

Duk da haka, adalci ya sa in faɗi inda mai biyun ya dace. Idan saurayi ne mai son wasan tsere, ba ya ɗaukar kaya, zai hau duwatsun Tingilin ya dawo gida ya kwana, kuma yana da halin sayen na gaskiya da kula da shi, to mai biyu zai ba shi abin da mai ɗaya ba zai ba shi ba, musamman wajen gangara a kan duwatsu. Haka nan mai fama da ciwon baya wanda tafiyarsa gajera ce a cikin gari. Kuma kada wani ya ce wannan wasa ba na baƙar fata ba ne: Adrien Niyonshuti na ƙasar Ruwanda ya yi tseren keken dutse a gasar Olamfik ta Landan a 2012, shi ne ma ya riƙe wa ƙasarsa tuta. Yaranmu da ke hawa da sauka a tuddan Mandara da kaya a bayansu ba ƙarfin ƙafa suka rasa ba. Amma ko su, idan wata rana aka shirya tseren kwana uku ko huɗu a wannan yanki, shawarata su fara da mai ɗaya, domin wanda ya kai ƙarshe shi ake lissafawa, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce, to jijjigar fa? Gaskiya ne, gargadar burji tana gajiyar da hannu da ƙugu. Amma maganinta na farko yana taya, ba a sifirin ba. Taya mai faɗin inci 2 ko fiye, idan ba a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse ba, tana shanye ƙananan duwatsu da gargada fiye da shokazoba mai arha, kuma ba ta nutsewa a rairayi kamar siririya. Yawancinmu mun saba mu bunƙara wa taya iska har sai ta ƙi lotsawa. Idan babu kaya mai nauyi, a rage kaɗan. Idan akwai buhu a baya, a ƙara wa ta bayan don kada bakin wili ya ciji tiyub. Bayan taya sai sirdi mai kyau wanda aka daidaita tsawonsa da ƙafar mahayi.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata mai doguwar tafiya ya duba kafin ya kalli shokazoba. Na ɗaya, girman wili. Tsofaffin kekunan Phoenix da Raleigh inci 28 ne, yawancin kekunan dutse na gwanjo inci 26 ne, na tseren zamani kuwa inci 29. Kafin ka saya, ka tambayi kanka wace taya za ka samu a kasuwar Gidar ko Mubi idan taka ta fashe. Na biyu, irin ƙarfen. Baƙin ƙarfe idan ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka shi. Alminiyum sai mai na'ura ta musamman. Wanda aka yi da kabon kuwa ba ya waldatuwa sam. A riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: idan ya manne, baƙin ƙarfe ne. Na uku, birki. Mai waya ana gyara shi ko'ina. Mai aiki da mai, idan tiyonsa ya yanke a daji, ka zauna ke nan. A haɗa da famfo, da tiyub biyu, da kayan faci, domin tsidau da ƙayar aduwa ba su san keke mai tsada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan uwana 'yan kasuwa masu shigo da kekuna da masu sayar da su. Na san mai biyu ya fi saurin fita, domin yaro yana ganinsa zai ja rigar mahaifinsa. Amma kasuwar kan iyaka ba kasuwar baƙi ba ce. Wanda ka sayar wa yau, shi za ka gani mako mai zuwa, kuma idan keken ya bar shi a daji da buhu biyu, duk ƙauyensu sai sun ji sunan rumfarka. Kafin ka faɗi kuɗi, ka tambaye shi: ina za ka da shi, me za ka ɗauka, wa zai gyara maka? Idan ɗan dako ne ko mai cin kasuwannin ƙauye, ka nuna masa baƙin ƙarfe mai kariya. Idan matafiyi ne mai ɗan kaya kaɗan a hanyar duwatsu, ka nuna masa mai shokazoba ɗaya. Idan kuma ya nace sai mai biyu, ka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki, ya saya da idonsa a buɗe, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka nan masu zuwa Duwala ko Kano saro, ku rage kason waɗannan masu sifirin, ku ƙara taya da tiyub da sarƙa da boris da wayar birki a cikin kayanku. Keke sau ɗaya ake sayensa a shekaru, amma kayan gyaransa kowane wata ana nema. Wanda ya sayar da keken da ke gyaruwa, ya sami abokin ciniki na shekara goma. Wanda ya sayar da na ado kuwa, ya ci ribar rana ɗaya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.